Kawu Bukar da gonar cikin waya

Wallahi wasan gonar nan na waya ya ishe ni. Ka shuka tattasai, talla. Ka zo ban ruwa, talla. Duk forfena, wato datar wayata, a nan yake ƙarewa.

Ɗazu ina zaune a rumfarmu ta kasuwar Diffa ina jiran wata tallar ta wuce, sai Kawu Bukar ya leƙo, wanda rikici ya raba da gonarsa ta Geskeru.

"Me kake jira haka?"

"Talla, Kawu. In na kalla, sai su ƙara mini fili."

Ya daɗe yana duban wayar. "Tambaye su, guda nawa zan kalla su maido mini nawa na bakin kogin Komadugu?"

Dariyar ma ta ƙi zuwa. Na kife wayar, tallar tana ta surutunta.

Ku, da me za ku amsa masa?