Mafita Tara

A ɗakin da muka yi haya a unguwar Al Warsan ta Dubai, gadona yana ƙasa, na Injiniya yana sama. Mutumin Kano ne kamar ni, kuma wallahi yana da kai, matsalar dai ya san yana da shi. Tun ranar da na tare na lura ba ya sakin waya. Na zaci budurwa ce. Ashe karta ce, irin ta Turawan nan da ake kira foka.

"Caca kake yi a garin nan?" na tambaye shi. "So kake a kwashe mu duka?"

"Kai dai baƙauye ne," in ji shi. "Ba sisi a ciki. Tambayoyi ne na lissafi, a nuna maka karta a ce ka warware."

Ban nemi darasi ba, amma sai da na sha shi. Ya leƙo da kai daga saman gado ya ce in duba: katuna biyu masu zuciya a hannunka, biyu a kan tebur, kana neman na biyar. Masu zuciya goma sha uku ne a kartar, ka ga huɗu, saura tara. Waɗannan taran su ne mafitarka. Sannan ya ɗaga yatsa kamar mai wa'azi, ya ce amma duk katin da zai haɗa maka ya kuma haɗa wa abokin karawarka abin da ya fi naka, ba mafita ba ne, cire shi. A nan jahilai ke faɗuwa, in ji shi, yana kallona.

Haka muka rayu. Ana cin shinkafa yana ƙirga mafita. Motar ofis tana jira a ƙasa yana ƙirga mafita. Mutumin da bai taɓa zama teburin karta ba, ko da ta wasan yara, ya fi kowa sanin yadda ake cin ta.

Sai korona ta zo. Kamfaninsa ya sallame shi, nawa ma ya sallame ni, kuma a Dubai in aiki ya tafi biza na biye da shi. Ko ka sami wanda zai ɗauke ka kafin wa'adi ya cika, ko ka ɗaure kayanka. Ni tsoro ya hana ni cin abinci. Shi kuwa ya miƙe ƙafa ya ce in kwantar da hankalina, ya ƙirga mafitarsa: tsohon manajansa Ba'indiye da ya ce zai kira, wani abokin karatunsa a Sharja, wani kamfani da ya yi masa intabiyu ta waya, sai kuma Alhaji.

Alhajin nan ɗan kasuwa ne, yana da shago a Naif da ofishin kago, na aika kaya, a Al Khabaisi, kuma aminin mahaifin Injiniya ne tun suna samari. Mun ji labari yana neman mutum ɗaya mai iya kwamfuta da zai riƙa bin masa sawun kwantena, aikin kuma har da biza da komai.

"To mu je mu gaya masa," na ce.

"Mu gaya masa me? Roƙo zan yi? Ai babba ba a yi masa dalla-dalla. In ya gan ni sau biyu zai gane."

"Ni dai zan faɗa, kada ka ce ban gaya maka ba."

"Faɗi mana, habibi. Kai waye ya san babanka?"

Da aka sassauta kulle muka fara zuwa gaisuwa ranar Juma'a. Injiniya zai goge shadda, ya fesa turare, ya ɗaura agogo, ya zauna a shagon Alhaji tsakanin buhunan takalma kamar wanda ya zo sayen ginin. Alhaji ya ce, "Ɗana, yaya aiki?" Shi kuma ya ce, "Aiki da godiya, Baba." A sha shayi, a yi hirar farashin kwantena, mu tashi. A hanya ya ce da ni, "Ka ga yadda ya kalle ni? Ya gane."

Ba'indiye bai kira ba. Na Sharja ya daina ɗaga waya. Kamfanin intabiyu ya yi shiru. Injiniya ya ce ba komai, kati ɗaya ma yana ci in shi ne daidai.

Wata Juma'a da Alhaji ya juyo kaina da gaisuwar, na ajiye kofin shayi na ce, "Ranka ya daɗe, aiki babu. An sallame ni, biza ta kusa mutuwa, kuma na iya kwamfuta." Kunya ta kusa kashe ni, amma na faɗa.

Alhaji ya yi salati, ya dubi Injiniya. "Kai fa? Naku lafiya dai ko?"

Na taka wa Injiniya ƙafa a ƙarƙashin benci. Ya janye ƙafar, ya gyara hula. "Alhamdu lillahi, Baba. Muna lallaɓawa."

Aka ce in zo ofis ranar Lahadi in fara aiki.

Ranar da wa'adin Injiniya ya cika yake haɗa akwatin komawa Kano, bai yi min magana ba sai da ya ja zif. Sannan ya ce ya gano kuskurensa: ya ƙirga Alhaji a mafita bai cire shi ba, alhali yana haɗa min ni ma. Har a lokacin lissafi yake yi. Raina ya ɓaci, na ce da shi bakinsa ne ya ƙi buɗewa, ya bar ɗora wa karta laifi. Na riƙe masa akwati har bakin tasi, kuma na ji tausayinsa ƙwarai, don na san yadda ya so garin nan.

Bayan makonni Alhaji ya shigo ofis da waya a hannu, fuska a murtuke. Yanzu ya gama magana da mahaifin Injiniya.

"Yaron nan ashe ba shi da aiki duk zuwan da yake yi?"

"Ba shi da shi, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallon kujerar da nake kai. "Da ya buɗe baki sau ɗaya," in ji shi, "ai da shi ne a nan, ba kai ba."

Na ce haka ne, na ci gaba da duba lambar kwantenar.