Shanu Nawa, Baffa?

A Garwa, in ka bi layin da ya gangara daga babbar kasuwa zuwa bakin Binuwai, za ka ga wani ɗan shago mai koren ƙyaure, an zana kan sa a jikin bangonsa. Nan Iyatu take sayar da maganin dabbobi. Duk makiyayin da ya taɓa shiga zai gaya maka magana ɗaya: matar nan ta cika tambaya. Ka zo sayen maganin sammore, ciwon nan da ƙudan tsando ke sa wa shanu, sai ta tsare ka da ido. Shanu nawa? Manya ne ko maruƙa? Yaushe suka fara rama? Me ka riga ka ba su? Wani ya taɓa ce mata ko jandarma a shinge bai yi masa irin wannan titsiye ba.

Iyatu 'yar gidan fatake ce. Kakanta ya zo daga Kano da fata da goro ya zauna, ubanta ya yi ta sayar da atamfa har ya koma ga Allah. Ita kuwa ta ƙi awon yadi, ta tafi Marwa ta karanta jinyar dabbobi, ta dawo ta kama aiki a ƙarƙashin wata likita 'yar Mokolo, Dokta Viviane, mai lasin shagon. Ranar da ta dawo da takardarta, Innarta ta ba ta karsana kyauta. Inna ta rasu, karsanar ta tsufa ta mutu, 'ya'yanta ma wasu fari ya ci, wasu ciwo ya ci. Jika guda ta rage, ja mai farin goshi, ana ce mata Wule. Duk abin da Iyatu ta gada na Inna, zane ya koɗe, kwanuka sun fashe, Wule kaɗai ke numfashi.

To, mutumin gari ba ya ajiye saniya a tsakar gida. Wule tana ruga bayan Pitowa, a hannun Baffa Hamajoda, aminin mahaifin Iyatu tun suna samari. Dattijo ne mai amana, wannan kam ba wanda zai musa. Akuya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Amma Baffa ba ya faɗin yawan shanunsa. Ubansa bai faɗa ba, kakansa bai faɗa ba. A wurinsu, ka ƙidaya garke a gaban mutane, ka jawo masa baki, gobe ka wayi gari shanu na faɗuwa. Ko a zuci ba ya son lissafin.

Maganin sammore kuwa gari ne a ɗan ƙunshi, ana jiƙa shi da ruwa mai tsabta a yi allura, kuma da nauyin dabba ake auna shi. Ka rage, ba ka kashe cutar ba, horar da ita ka yi. Iyatu ta faɗi wannan da Hausa, ta faɗa da Fillanci, ranar da haushi ya ishe ta har da Faransanci ta faɗa, ga bango.

Baffa yakan shigo, ya jingine sandarsa, a yi gaisuwa mai tsawo.

"Shanu nawa za a yi wa, Baffa?"

"Seɗɗa," in ji shi. "'Yan kaɗan ne, 'yata."

"Kaɗan ɗin nawa?"

Sai ya yi murmushi ya kalli silin. Ya karɓi abin da bai isa ba, ya je ya raba wa shanu uku ƙunshin saniya guda, da ruwan rafi, da sirinji ɗaya da ya fi wasu 'ya'yansa shekaru. Yaya za ta yi da shi? Mutumin da ya ɗauke ta a kafaɗa tana jaririya ba a ɗaga masa murya. Takan ce bari ta zo rugar da kanta da igiyar awon nauyin dabba. Ya ce insha Allahu bayan Sallah. Sallar ba ta taɓa wucewa ba.

Da tambaya ta ishe shi, sai ya koma wurin Salim. Salim ba shi da shago, ba shi da lasin, ba shi da firji. Babur gare shi da tamfol. Kowace Alhamis yakan shimfiɗa kwalabe a kasuwar shanu ta Adumri, cikin ranar da za ta soya ƙwai, wasu rubutunsu ya goge, wasu ba wanda ya san ƙasar da suka fito. Ga mai ja, ga mai ruwan ɗorawa, ga fari mai kauri. Kuma Salim ba ya tambaya. Abin da ka nuna da yatsa shi zai miƙo maka, har da addu'a.

Abin da ke ƙona wa Iyatu rai shi ne masu bincike na gwamnati. Su fa suna zuwa, kar ka ce ba sa aiki. Shagonta suke zuwa. Su buɗe firji, su juya kowace kwalba su duba ranar lalacewa, su tambayi takardar likita, su sha ruwan sanyi. Ta ce musu ga tamfol ɗin Salim can a fili, makaho ma zai yi tuntuɓe da shi. Su ce ba su da man mota. Sau ɗaya suka je, kafin su sauka ya naɗe tamfol ya bi ta cikin shanu, mako na zagayowa ya dawo inda yake. Iyatu ta ce ita laifinta kawai tana da ƙofa.

Da damina ta ja baya, tsando ya yi yawa a fadamun Binuwai, saƙo ya zo cewa Wule ba ta kiwo sosai, ga ta da tsohon ciki. Iyatu ta kira Baffa a waya.

"Baffa, don girman Allah kar a yi mata komai. Gobe da safe muna tafe ni da Dokta."

"To, 'yata. Allah ya kai mu."

Washegari Dokta Viviane ta maƙale a wata gonar kaji da annoba ta faɗa wa, aka ɗaga tafiyar zuwa la'asar. Ana kiran azahar sai ga babura biyu a ƙofar gidan Iyatu. Baffa ya sauka a hankali, aka sauke buhuna masu ɗigar jini da fata a naɗe. Farin goshin na leƙowa daga gefe.

"Sai haƙuri," in ji Baffa. "Amma alhamdu lillahi wuƙa ta riga. Ba ta yi mushe ba. Ga namanki, ko tsoka ban taɓa ba."

Iyatu ta ƙura wa farin goshin ido. Can ta ce, "Me kuka ba ta?"

"Na ga tana wahala, ban iya jira ba. Jiya mai ja. Da bai yi ba, mai ruwan ɗorawa. Yau da safe farin nan, na cika sirinji sau biyu. Wallahi ban yi mata rowa ba."

Ka ji fa! Shekara da shekaru yana rage magani, ranar da ya tashi nuna ƙauna sai ya zuba duka.

Ta kwance buhu ta juya cinya. Wurin allurar ya kumbura, ya yi ɗorawa-ɗorawa, yana warin magani. Dabbar da aka yi wa wannan allura sai an yi makonni kafin a ci namanta ko a sha nononta, balle kala uku da ba a san abin da ke ciki ba. Kafin ta ɗago, maƙwabta sun fara shigowa da kwanuka, ana yi mata jaje ana kallon buhu.

"Ba mai cin naman nan," in ji ta.

Gida ya ɗauki salati. Gwaggonta ta ce wannan almubazzaranci ne, an yanka da sunan Allah, wuta za ta kashe komai. Iyatu ta ce wuta ba ta kashe magani. Wata ta ce to a kai wa mahauta mana. Iyatu ta ce 'ya'yan mutane ne za su ci a tsire. Wata kuma daga baya, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce boko ne ya yi mata yawa.

Ta sa aka yi rami a bayan gida, aka zuba naman, ta kwarara kananzir don kar wani ya tone. Ita ta fara tura ƙasa da hannunta, tana kuka ba ta ɓoye ba. Takaici ne ya fi baƙin cikin yawa: maganin da zai warkar da Wule yana cikin shagonta, mai kyau, mai lasin, ba abin da ya rage sai a auna.

Baffa ya zauna a zaure har mutane suka ragu. Shi ma idonsa ya yi ja. Da ta fito ya ce, "'Yata, sauran ma sun fara rama. Ki ba ni naki maganin."

Ta durƙusa a gabansa, ƙasar ramin tana ƙarƙashin faratanta.

"Zan ba ka, Baffa. Ni zan je in yi musu da hannuna. Ka dai gaya mini abin da zan ɗauka. Shanu nawa?"

Ya buɗe baki. Ya kalli masu baburan nan biyu da ke jingine a bakin ƙofa, ya kalli gwaggo. Ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa.

"'Yan kaɗan ne," in ji shi.

Ya miƙe, ya yi mata addu'a, ya hau babur. Ranar Laraba ce, washegari kasuwar Adumri take ci.