Hoton jirgin Inna

Jama'a, ku ji abin da ya same mu yau, har yanzu ƙirjina zafi yake!

Kun san autana Sadik da ɗaukar hoton jirage daga saman benenmu na Al Qusais a Dubai. Shekaru yana tarawa. To yau Inna, mahaifiyata, za ta koma Kano. Ya ce ba zai je rakiya ba, zai hau sama ya ɗauko jirginta yana tashi.

A filin jirgi Inna sai waige-waige take. "Ina mijin nawa?" Jikan nata take nufi, Sadik. Na gaya mata. Ta yi dariya. "Ja'iri! To a wanke min hoton, in rataye a ɗaki."

Na dawo na tarar da shi zaune a matakala. Ashe mai gadi ne ya hau ya karɓe kyamarar. "Mamnu'! An hana! Ko a goge komai, ko 'yan sanda!" Suna cikin gogewa jirgin ya wuce ta kansu!

Na ce, "Yi haƙuri, auta."

Ya ce, "Umma, ko hannunta ban riƙe ba."

Anjima Inna za ta sauka ta kira. Ni me zan ce mata?