Inna Ba Ta Duba Idon 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan ina kusa "ke" ce, idan na ba da baya "waccan". Haka ta taso ta ga ana yi: ɗan fari kunyarsa ake ji, ba a yabonsa, ba a taɓa shi a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce. Sanin bai taɓa rage mini zafi ba, musamman idan na ji yadda take juya sunan autarmu a baki kamar alewa.

Shekarar da auta ta haihu a unguwar Fadikpe ta zubar da jini sosai. Aka sallamo ta daga asibiti da ƙwayoyin ƙarin jini, 'yan ƙanana jajaye, aka ce ta yi ta sha har watanni. Inna ta kulle ɗakinta a Paiko, ta bar wa maƙwabta awakinta, ta hau mota ta tare a gidan auta. Ni haihuwata uku, kuma kowacce gwaggo aka turo mini.

Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne ni ma irin ƙwayar nake sha. Ina da shagon ɗinki a unguwar Kpakungu, keken ƙafa nake takawa. Tun kafin auta ta haihu na fara jin ƙafar ba ta bin umarnina. In taka kaɗan sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, in miƙe sai shagon ya juya. Ga wani kwaɗayin ƙanƙara da ya kama ni, in sayi ruwan leda da ya daskare in yi ta gurgura kamar ɓera. Mai kitson da ke shagon jikin nawa, wata 'yar kudancin Kaduna mai yawan dariya, ita ta kama hannuna wata rana ta juya tafin.

"Maman yara, kai ba ka da jini fa," ta ce. "Duba hannunka. Kuma wannan kankara da kake ci kullum ba lafiya ba ne. Je asibiti su gwada ka."

Na je, suka gwada, suka ce jinin ya yi ƙasa, kuma al'adata da ke yi mini yawa ce ta jawo. Suka ba ni maganin wannan, suka haɗa mini da ƙwayar ƙarin jini. A ranar nan layi ya yi tsawo, abin da na riƙe daga bayaninsu shi ne in sha kullum kada in fasa, kuma kada in tsorata idan bayan gida ya yi baƙi.

Ban gaya wa Inna ba. Wani ɓangare kunya ce, don 'yar fari ba ta kai wa uwa kuka. Amma babban dalilin shi ne so nake ta gani da kanta. Mai kitso da ba ta haɗa komai da ni ba ta gani, to ita da ta haife ni fa?

Kullum da safe, idan na sallami yara makaranta, sai in hau keke napep in kai musu abinci Fadikpe, wata rana farfesun hanta, wata rana kwaɗon zogale. Kuma kullum sai na tarar da abu ɗaya. Inna za ta zaunar da auta a bakin taga, ta sa babban yatsa ta janyo fatar idonta ta ƙasa, ta leƙa ciki ta daɗe, sannan ta girgiza kai.

"Har yanzu fari fat. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar nan."

Daga nan sai hidima. Shayi mai kauri, madarar gwangwani har cokali na neman tsayawa. Ta ɓallo ƙwayar da hannunta, ta sa mata a baki, ta kanga mata kofin. Da hantsi Bafulatanar da ke kawo kindirmo ta iso, a dama fura. Da yamma kwalbar molt da wata madarar, tunda kowa a unguwa ya tabbatar mata su ne ke ƙara jini. Ni kuwa ina tsaye da kular abinci, ina haki don 'yar tafiyar da na yi daga bakin titi, sai in ji: "Ke, ajiye can, ki duba ruwan wanka ko ya tafasa."

Kishi na ji, ba wani suna da zan ba shi. Mace da 'ya'ya uku, ina kishin ƙanwata a kan fatar ido. Akwai ranar da na je na tsaya daidai hasken tagar nan, na hau murza ido wai wani abu ya faɗa mini. Na buɗe shi sosai ina fuskantar Inna. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce wa auta, "Hura mata." Auta ta hura mini iska mai warin madara, na yi godiya, na ɗauki kulata.

Tawa ƙwayar a shago nake sha, can da hantsi idan na tuna. Ba mai dafa mini shayi, ni ma ba ni da lokacinsa. In kora da ruwan leda, sai ɗanɗanon ƙarfe ya tsaya mini a maƙogwaro, in kira mai tallan lemo in sayi ɗaya in tsotse don ya wuce. Cikina ya ɗaure a farko, na sha wuya, daga baya ya saki. Ina shan lemon ina tuna kofin auta, har da hawayena wani lokacin, mai kitso tana yi mini tsiya wai lemon ne da tsami.

A hankali ƙafata ta dawo. Na daina waiwayar ƙanƙara. Na wayi gari ina taka keke tun safe har azahar ban tsaya ba. Maimakon in yi murna sai na ji haushi, don ciwon yana shirin tafiya Inna ba ta gan shi ba. Wata rana na riƙe ƙwayar a tafin hannu na daɗe ina kallonta, ina cewa da zan bar ta mako biyu ko uku, wataƙila in koma fari yadda ko makaho zai lura. Sai na kalli ɗinkin mutane da ke jibge, na tuna yarana, na haɗiye ta ina tsaki.

Auta kuwa ba ta gaba ba ta baya. An yi arba'in, an wuce, ta yi ƙiba ta yi kumatu, amma in ta ɗauki jaririn daga gado zuwa ƙofa sai ta nemi bango. Inna ta fara ramewa don damuwa. Ranar komawa asibiti muka tafi mu uku, Inna goye da jariri. Aka gwada jinin, ya ɗan motsa amma ba yadda ake so ba. Wata nas, dattijuwa mai sanyin murya, ta tambaya ko auta tana fashin magani.

"Ko sau ɗaya," in ji Inna. "Da hannuna nake ba ta."

"Da me take korawa, Mama?"

Inna ta gyara goyo ta lissafa mata, da alfaharinta: shayi, madara, kindirmo, molt. Nas ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ba laifi auta ta sha duk waɗannan, amma kada su haɗu da ƙwayar. Shayi da madara da nono suna tare maganin, jiki ba ya samun abin da ke cikinsa sosai. A ba ta da ruwa, in da hali da lemo, a bar tazara mai kyau kafin shayin, kuma ko ta ji sauƙi ta ci gaba har sai an ce ta tsaya.

Ina tsaye a bayansu na tuna ruwan ledar nan da lemon da nake tsotsa a shago. Ashe rashin mai dafa mini shayi ne ya warkar da ni.

Muka hau keke napep muka kamo hanya. Sai da muka kusa gida Inna ta sa mai keke ya tsaya, ta sayi lemo cike da leda. Muna shiga ta kwance goyo, ta wanke hannu, ta zauna bakin taga tana ɓare ɗaya da farce. Na tsaya ina kallonta, tausayinta ya kama ni. Ina neman mayafina in tafi sai na ji ta ce, "Ke, zo nan."

Na zo na durƙusa. Ta sa babban yatsa a ƙasan idona ta janyo. Tun da na yi wayo ban tuna ranar da hannunta ya taɓa fuskata ba. Yatsan yana da kaushi, yana ƙanshin ɓawon lemo, har ya sa idon ya kawo ruwa. Ta leƙa ta daɗe, sannan ta yafito auta.

"Zo ki gani. Irin wannan jan nake so naki ya yi. Waccan ai tun tana ƙarama ba ta san ciwo ba."

Na buɗe jakata na ciro katin ƙwayar, saura 'yan kaɗan a jiki, na ajiye a kan tabarma kusa da na auta.

"Inna, ni ma shi nake sha."

"Yaya, tun yaushe?" in ji auta.

"Tun kafin ki haihu."

Inna ta kalli katin, ta kalli tabarma, ta kalli bango, ba ta kalle ni ba. Can ta ce wa auta, murya ƙasa-ƙasa, "Tambaye ta, wa ya kai ta asibitin?"

"Ni na kai kaina," na ce.

Inna ta mai da ido kan hannunta. Ta ƙarasa ɓare lemon, ta tsaya tana cire masa zare ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Sannan ta raba shi biyu, ta miƙa wa auta rabi, ta turo mini ɗayan a kan murfin kwano ba tare da ta juyo ba. Na ɗauka na ci a hankali, ban bar ko ɗigo ba. Na auta ya ɗan fi nawa girma, na lura.