Tabon Haƙoranta a Kafaɗata

Gaisuwar farko da yarinyar nan ta yi mini cizo ce. A filin jirgin Paris, wata Hajiya 'yar kasuwa da ta rako ta daga Maraɗi ta miƙo mini ita, na buɗe hannuwa zan rungume ta, ta kafa mini haƙori a tsintsiyar hannu har jini ya fito. Shekarunta huɗu, 'yar ƙanwata ce da ta rasu. Ni kuwa na daɗe da aure ko ɓari ban taɓa yi ba, shi ya sa dangi suka ba ni riƙonta.

A jirgin ƙasa zuwa Lyon ta yage rigar sanyin da na saya mata, ta jefi wani tsohon Bature da takalmi. Da muka isa unguwar Minguettes, inda muke zaune a hawa na tara, ƙofar asansar, na'urar hawa bene, na rufewa da mu ta shiga buga goshinta da ƙarfe. Daga ranar nan da ƙafa muke hawa.

Gida ya koma filin daga. Ta fasa faranti, ta watsa mini miya mai zafi a ƙafa, ta fizge mini ɗan kunne har kunnen ya tsage. Ni ma ba kanwar lasa ba ce. Na sha ɗaga ludayi, sai ta tsaya ƙiƙam ta kafe ni da idon ƙanwata, in ajiye ina huci. Ina son ta, kuma haushinta kamar ya kashe ni. Maƙwabciyarmu ta ƙasa kullum tana zungurar rufinta da sanda.

Maigidana ya gaji. Ya ce, "Hajiya za ta koma Maraɗi ran Juma'a. Ki haɗa ma ɗiyar ga kayanta ta tahi wurin kakarta, tun ba ta jawo muna polis ba." Na haɗa jakar ina kuka.

Ranar Alhamis da la'asar na ja ta kasuwa don in sayo wa kakar tsaraba. Muna dawowa muka tarar samarin unguwa sun cinna wa wata mota wuta, 'yan sanda sun tare titi. Duwatsu suka fara tashi, aka harbo barkonon tsohuwa. Wani saurayi ya faɗi a gabanmu baki duk jini, 'yan sanda suka rufe shi da kulake. Masu gudu suka bangaje yarinyar, ta kife a ƙasa tana tari.

Ban yi shawara da kowa ba. Na durƙusa, na juya mata baya, na daka mata tsawa, "Hau!"

Ta hau. Na warware mayafina na ɗaure ta tamau. Duk kwanakin nan ta gaba nake nufo ta, irin yadda nake ganin matan Turawa suna yi wa 'ya'yansu. Goyo bai taɓa faɗo mini a rai ba, ni da ban taɓa goya kowa ba.

Ina gudu ta nutsa haƙoranta a kafaɗata, ta riƙe. Dutse ya fasa mini goshi. Haka na hau benen nan, jini na rufe mini ido, ita ko ba ta saki ba.

Maigidana ya buɗe ƙofa, ya yi salati, ya kai hannu zai sauke ta. Ta ƙara matse ni da ƙafafu, ta yi masa gurnani.

"Ki sauke ta mana, jini kike zubarwa!"

"Ba ta sauka," na ce. "Malam, ka kwance jakar nan."

A bayana ta yi barci, bakinta cike da rigata. Shi ya wanke mini goshi ina tsaye, don na ƙi zama kada ta farka. Da Hajiya ta zo ran Juma'a, tsarabar kaɗai ta ɗauka.