Shafi Goma Sha Ɗaya da Na Bari a Zariya

Laraba: Kafancan zuwa Samaru

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida, da jaka ɗaya da wasan kwaikwayon da na shekara biyu ina rubuta wa yara. Labarin wata yarinya ce da akuyar kakarta ta ɓace a hannunta, tana tsoron faɗa. Ni malamin firamare ne. Wasa shida na rubuta kafin wannan, ko ɗaya bai taɓa hawa dandamali ba.

Motarmu ta bi ta Kaciya, muka wuce shingen 'yan sanda uku, muka shiga Kaduna tara da rabi. Daga tashar Kawo zuwa Kwangila kilomita tamanin ne, ruwan sama ya raka mu har rabin hanya. Sha biyu saura na sauka daga bas a Samaru.

Tsohon malamina, Dakta Yakubu, wanda ke koyar da wasan kwaikwayo a jami'a, shi ya gayyace ni. Ya sauke ni a gidansa, aka kawo faten tsaki da zafinsa. Ɗalibansa biyar sun riga sun haddace wasan, don tuni na aika masa da kwafi. Da yamma na ji kalmomina a bakin wasu, sai da na sunkuyar da kai.

Alhamis: Sabon Gari

Ƙarfe goma muka hau acaɓa zuwa makarantar da za a yi wasan, kusa da Cikaji. Shugabar makarantar, Hajiya Hajara, tana nuna mana fili ta ce layin gaba na 'yan ajin kurame ne, su goma sha huɗu, tun makon jiya suke ɗokin ranar.

Wasana kuwa magana ce zalla. A hanyar komawa Dakta ya ce sai dai a rage surutu a ƙara motsi, na ce ban yarda a taɓa ko layi ɗaya ba. Rifkatu, ɗalibar da za ta fito a matsayin yarinyar, ta ce ƙaninta kurma ne.

"Malam, ka ba ni minti biyar. In ba ka gane ba, mu bar shi yadda ka rubuta."

Da muka isa gidan Dakta ta ɗauki igiya, ta waiga, ta ga ba akuya. Ta leƙa bayan kujeru, ta cusa igiyar cikin zane, ta nufi mai fitowa a matsayin kakar tana tafiya tana ja da baya. Ba ta ce uffan ba, amma shafi biyu ta gama. Na karɓi jan biro daga hannun Dakta. Kafin la'asar na soke shafi goma sha ɗaya da hannuna, har da jawabin kakar da na fi so.

Juma'a

Tara daidai aka fara, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ban kalli 'yan wasan ba, layin gaba nake kallo. Da Rifkatu ta ɓoye igiyar, wata yarinya a cikin kuramen ta rufe baki da hannu biyu. Da akuyar ta leƙo daga bayan kakar, su suka riga kowa dariya.

Bayan an tashi malamarsu ta kawo mini yarinyar da ta rufe bakin. Ta yi ta magana da hannu, malamar na fassarawa.

"Ta ce yau ne ta fara kallon wasa ba ta juyo ta kalli hannuna ba."

Malamar ta koya mini yadda ake godiya da hannu, na yi, yarinyar ta kama yatsuna ta gyara mini.

Asabar: Gida

Shida da rabi na bar Samaru, biyu saura na iso Kafancan lafiya. Na gode wa Allah. Na gode wa Dakta da iyalinsa, da Hajiya da ta ba kurame layin gaba, da Rifkatu da ta yi mini gardama cikin ladabi. Yarinyar nan kuwa ko sunanta ban tambaya ba, ita ma ina gode mata.