Giɓin da Ubaidullahi Ya Toshe

Na san Ubaidullahi ɗan Albarka tun ana goyonsa a Kambaza. Ubansa gwanin shirya rumbu ne. Idan ya jera damman gero, ko ɓera ba ya samun kafar shiga. A gidansu barin giɓi abin kunya ne, kuma da wannan tarbiyya ya tafi birni ya koyi rubuta manhajar kwamfuta.

Da ya dawo, ya auri wata 'yar garinmu Wurogauri ya zauna cikinmu. Mu goma sha biyu muke noman albasa da injin ban ruwa ɗaya, muna karɓa-karɓa. Sai ya haɗa mana wani ɗan akwati da zai riƙa tayar da injin da kansa, yana ba kowane kwami, wato fangalin albasa, ruwansa.

Ni da na koyi karatu da furfura ba na yarda da abin da ban gane ba, don haka na sa ya yi mini bayani. Ya ce ƙwaƙwalwar na'ura gurabe ce a jere. Lambar kwami tana cin gurbi ɗaya, lambar mintocin ruwansa tana cin gurbi huɗu, biyar ke nan. Amma manhajar da ke juya rubutunsa zuwa harshen na'ura ta mai da su takwas, domin lamba mai gurbi huɗu dole ta fara a gurbin da yake rabuwa da huɗu. Uku suna zaune wofi.

"Kawu, ɓarna ce," in ji shi. "Na umarce ta ta matse su."

Ya gwada a babbar kwamfutarsa, wadda take haƙuri da lamba ko a ina ta fara, ta yi aiki. Bai gwada a akwatin ba. Ya ɗora manhajar a akwatin ranar Laraba, muka tafi Gwandu biki gaba ɗayanmu, har da shi. Ƙaramar ƙwaƙwalwar akwatin ta iske lamba a karkace, ta tsaya cik. Kwana huɗu dashen bai ga ruwa ba.

Da muka dawo, Ɗalha, babbanmu, ya tsuguna ya murje wani tsiro a tafinsa, ya zama gari.

"Ɗan Albarka, mi ka yi muna?"

"Gurbi uku kawai na cire, Baba."

"To, cika su."

Ya miƙa masa bokiti. Muka zauna a inuwa, muka sa ya shayar da matattun kwamai ɗaya bayan ɗaya har la'asar, matarsa Rabi tana kallo daga bakin hanya. Ni nake karanta masa lambobin kwaman, da ƙarfi, ban tsallake ko ɗaya ba.

Ya gyara akwatin cikin minti biyar, amma ba wanda ya bari ya mayar da shi. Yanzu lodin albasar wasu yake yi a Kalgo. Duk buhun da ya ɗaga, sai wani ya ce, "Injiniya, bar mata giɓi ta sha iska." Yakan bari.